Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga sarakunan Hausawa da shugabanninmu na Legas, kan maganar yaƙi da 'yanci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe iyayenmu sarakunan Hausawa na Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende, Alaba Rago da sauran unguwanni. Allah ya gafarta malamai, limamanmu. Gaisuwa ga shugabannin kasuwa, na mahauta, na direbobi da na matasa. Ina neman afuwa tun kafin in fara, domin a tarbiyyarmu yaro ba ya tsoma baki inda manya ke zaune. Abin da ya sa na zaɓi takarda maimakon in zo fada in durƙusa, maganar ba ta fada ɗaya ba ce, kuma ina so yaran da ake yin ta a kansu su ma su karanta.

Akwai wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisunmu. Duk mai zama teburin mai shayi bayan isha'i ya san ta. Wani matashi zai zaro waya ya nuna bidiyon Kyaftin Ibrahim Traore, sojan da ya ƙwaci mulki a Burkina Faso, da jar hularsa, ya ce, "Wallahi irin wannan muke buƙata, ƙasar nan sai soja." Wani ya ce a'a, a bar Amurka ko Rasha su shigo da jiragensu su share daji kowa ya huta. Idan wani ya kawo maganar haƙƙin ɗan'adam sai a ja tsaki, a ce surutun 'yan boko ne, 'yanci a bakin bindiga yake. Sannan idan muka zo gabanku da kuka, an kama wane, an ƙwace babur ɗin wane, amsar da muka fi ji ita ce, "Ku yi haƙuri, mu baƙi ne a garin nan, ga shi ƙasa na cikin yaƙi, yanzu ba lokacin wannan magana ba ne." A ido kamar iyaye da 'ya'ya sun saɓa. Ni a ganina bakinsu ɗaya, domin dukansu sun damƙa haƙƙinmu a hannun mai riƙe da bindiga. Yaro na jiran ya miƙo masa, babba na jiran ya gama aikinsa tukuna.

Ba zan musa amfanin soja ba, kuma duk Bahaushen da ya daɗe a Ikko ba zai musa ba. Waɗanda suka ga rikicin Ketu da Mile 12 a ƙarshen 1999, ko na Idi-Araba a Fabrairun 2002, sun san irin ajiyar zuciyar da ake yi idan aka ji motar soja ta shigo layi. Haka mutanen Gwoza, da Boko Haram ta kafa tuta a garinsu a Agustan 2014. Ba lauya ne ya ƙwato garin a Maris ɗin 2015 ba, 'ya'yan talakawa ne suka shiga da ransu. Idan mai kisa ya tsaya a ƙofar gida, dole a sami mai tare shi. Inda muka rabu da masu waccan magana shi ne cewa wai yaƙin ne ke haifar da 'yanci, saboda haka wanda ya yi shi ko ya ba da umarninsa ya fi ƙarfin tambaya. A nan nake roƙon ku dubi garin da muke zaune, domin Legas ta sha jin wannan alkawari, kuma kusan kowane karo da Bahaushe a cikin sahu.

A Disambar 1851 jiragen ruwan Ingila suka yi wa tsibirin Legas ruwan wuta, suka kori Oba Kosoko suka ɗora Akitoye. Dalilin da suka bayar shi ne hana cinikin bayi. Cinikin kuwa ana yin sa, kuma mugun abu ne. Amma shekara goma bayan haka, a 1861, aka sa Oba Dosunmu ya rattaba hannu a takardar da ta miƙa garin ga Sarauniyar Ingila, masu 'yanto bayi suka wayi gari su ne masu gari. A 1863 John Glover ya tara Hausawa a nan Legas, da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayen gijinsu, ya ba su kaki da bindiga. Daga wannan 'yar runduna ce sojojin Nijeriya ke ƙirga tarihinsu har gobe. Su da magadansu aka yi ta aikawa yaƙe-yaƙen Turawa, tun daga ƙasar Ashanti har ranar da aka juya bakin igwa Arewa. A 1903 aka ci Kano a Fabrairu, aka ci Sakkwato a Maris, aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi. Hujjar Gwamna Lugga ita ce dai ta 1851: a daina farautar bayi, a buɗe hanyoyin fatauci. Hafsoshin Turawa ne, amma masu ɗana kunama baƙaƙe ne, da yawansu ma da Hausa ake ba su oda. Da ƙura ta lafa, talaka ya tarar da haraji, da aikin dole na shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano, da kuma abin da aka yi wa Satiru a 1906 domin ya zama izina ga mai shirin ɗaga kai.

Wanda ke son ganin zango na gaba ya hau mota ya zagaya barikokin garin nan yana karanta allunan ƙofa. Dodan a Obalende, Arakan a Apapa, Myhoung a Yaba. Wurare ne a ƙasar Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a yaƙin duniya na biyu. Kakanninmu ne dubun dubata, an ɗebo da yawansu ta hannun hakimai da dagatai, aka loda su a jirgin ruwa, aka ce za su je kare 'yancin duniya daga Hitila da abokan burminsa. Hitila azzalumi ne na gaske, kuma da shi ya yi nasara da baƙar fata ta ga tasku, wannan ma ban musa ba. To amma ga yadda ta kaya. A Agustan 1941 Churchill da Roosevelt suka fitar da sanarwar nan ta Atilantika, mai cewa kowace al'umma na da ikon zaɓar gwamnatin da za ta mulke ta. Jaridun Legas suka ɗauki maganar da zafi. Ba a yi wata guda ba Churchill ya miƙe a majalisar Ingila ya fayyace cewa ƙasashen Turai da Jamus ta mamaye ake nufi, ban da masu zama ƙarƙashin tutar Ingila. Ana can ana yaƙin 'yanci, a gida ana diban gwamna, ana kwasar manoma da ƙarfin tsiya zuwa haƙar kuza a Jos, sanyi da yunwa na kashe su. Tun kafin a gama yaƙin, ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin Faransa suka buɗe wuta a Thiaroye kusa da Dakar kan sojojin Afirka da suka dawo daga Turai suna neman haƙƙin guminsu. A Akra, ranar 28 ga Fabrairu 1948, aka harbe 'yan mazan jiya uku da suka nufi gidan gwamna da takardar koke a hannu. A Nuwambar 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka kashe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley ta Inugu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Tutar da aka sauke a filin sukuwa na nan Legas a 1960 ba jirgin da ya dawo da sojoji daga Bama ne ya sauke ta ba. Yaƙin ya raunana Ingila, gaskiya ne, kuma sojojin sun dawo da idonsu a buɗe. Amma sai da ma'aikata suka shiga yajin aikin gama-gari a 1945 da irin su Michael Imoudu a gaba, sai da jaridu suka yi ta rubutu ana cin su tara, sai da jam'iyyu suka yi ta zaman tsarin mulki a Ibadan da Landan da Legas, sannan aka saki.

Na waje ba zan daɗe a kansu ba, kuna jin su a rediyo. Baƙaƙen fatar Amurka sun yi wancan yaƙin su ma, suka koma gida aka ce su zauna a kujerar baya ta bas, kuma a jihohin kudu ba su sami damar jefa ƙuri'a yadda ya kamata ba sai bayan dokokin 1964 da 1965, waɗanda tattaki da kotu suka samar. Ita Amurkar ce a 1942 ta tsare mutum wajen 120,000 masu asalin Japan a sansanoni, yawancinsu 'yan ƙasarta, da sunan tsaro. Yaƙin Iraƙi na 2003 da sunan 'yanci aka raɗa masa suna. Makaman ƙare dangin da aka ce akwai ba a same su ba, abin da duniya ta gani hotunan gidan yarin Abu Ghraib ne. Afganistan shekara 20, Taliban ta koma kujerarta a Agustan 2021. Libiya kuwa tun 2011 ba ta sake zama ƙasa ɗaya ba, makaman da suka watse daga rumbunan Gaddafi suka gangaro Sahara, ƙurar har mu ta iso. Shi ya sa da shugaban Amurka Donald Trump ya yi barazanar shigowa Nijeriya da bindiga a Nuwambar 2025, masu tafi suka ba ni mamaki, ko daga wane ɓangare suke.

Na gida ya fi dacewa da mu. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bar ƙasar nan a dunƙule, kuma ba don haka ba wataƙila da fasfo muke zaune a Agege. Amma an ajiye makamai ranar 15 ga Janairu 1970, sojoji kuwa ba su koma bariki ba sai 1979. Janar Gowon ya yi alkawarin 1976, a 1974 ya ce ba zai yiwu ba. Da suka dawo a ƙarshen 1983 sai ga Doka ta 2 ta 1984, wadda ta halatta a tsare mutum ba tare da kai shi kotu ba, da Doka ta 4 da aka ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor da ita. Doka ta 2 ta yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har 1999, kowane mai mulki ya zo sai ya ga tana da amfani. An rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwambar 1995. An harbe Kudirat Abiola, haifaffiyar Zariya, a kan titin Legas a Yunin 1996. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda shi kansa ya yi yaƙin basasar, ya rasu a gidan yarin Abakaliki a Disambar 1997. Bayan rasuwarsa da wata biyu sojojinmu suka kutsa Freetown, a Maris ɗin 1998 suka mayar da zaɓaɓɓen shugaban Saliyo Ahmad Tejan Kabbah kan mulki. Mutanen Saliyo sun gode, kuma sun cancanci taimakon. Sai dai a ranar da ake wannan biki, mutumin da 'yan Nijeriya suka zaɓa ranar 12 ga Yuni 1993, wato M.K.O. Abiola, wanda ya ci har jihar Kano, yana kulle a hannun gwamnatin da ta aika sojojin.

A nan dole in yaba muku. Da aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ba da wa'adin mako guda tana barazanar yaƙi domin dawo da dimokuraɗiyya, ba ku yi shiru ba, ku da sarakuna da malaman Arewa. Kun san su wa za a kashe. Rabin masu gadi da masu sayar da ruwa a unguwanninmu ƙannenmu ne na Maraɗi da Tawa da Damagaram, wasu kishiyoyin juna ma ɗaya 'yar Katsina ɗaya 'yar Maraɗi. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da amfani da ƙarfi, malamai suka tafi Yamai, aka tsira da rufe iyaka da yanke wuta, su ma aka janye su a Fabrairun 2024. Kun gane a lokacin cewa ba a kai wa mutum 'yanci a kan tankar yaƙi. Abin da ya rage ku gaya wa yaranmu shi ne ɗaya gefen maganar: mai tankar da ke cikin gida ma ba ya bayarwa. An tsare hamɓararren shugaban Nijar Bazoum ba shari'a, an rushe jam'iyyun siyasa a Nijar da Mali a 2025, a Burkina Faso kuwa an sha kwasar masu sukar gwamnati a tura su fagen daga a matsayin horo. Yaron da ke zagin shugaban ƙasa a TikTok daga ɗakinsa a Ijora yana yabon soja, ya gwada irin wannan bidiyon a can ya ga ko zai kwana a gida.

Masu cewa a ajiye maganar haƙƙi sai an gama yaƙi, ina so su san kundin tsarin mulkin 1999 bai manta da yaƙi ba. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wasu haƙƙoƙi saboda tsaro, sashe na 305 ya tsara yadda ake kafa dokar ta-ɓaci, amma ta hanyar doka, da sa hannun majalisa, da wa'adi. Bai ce duk wanda ya rataya bindiga ya zama doka ba. Kuma wa ke biyan kuɗin shirun? Bayan arangamar sojoji da 'yan Shi'a a Zariya a Disambar 2015, kwamitin shari'a da gwamnatin Kaduna ta kafa da kanta ya tabbatar an binne gawa 347 a kabari guda. A Janairun 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira a Rann. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri, hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85. Ba don an yi ca ba, da wa zai ji sunan ƙauyen? Shirun nan shi kansa ƙaramin soja bai tsira daga gare shi ba. A Disambar 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa, su kuwa kukansu shi ne an tura su gaban Boko Haram ba isassun makamai. Lauyoyin kare haƙƙi ne suka tsaya musu har aka sassauta zuwa ɗaurin shekara goma, kuma a 2015 ɗin ne aka fara tonon kuɗin makamai dala biliyan 2.1. Wato lokacin da ake ce mana kada a yi tambaya don kada a karya gwiwar soja, a lokacin ne ake cin kuɗin harsashinsa.

To ina haƙƙoƙin da muke mora suka fito? Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 ba, alhali na Kudu sun jefa. Sai a 1979 suka shiga zaɓen ƙasa. Tsakanin nan akwai Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri da duka, ta taka har Abeokuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti don su haɗa kai. A 2003 'yan sanda suka watsa taron jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, wai ba a nemi izini ba. Lauyan Legas, Femi Falana, ya ɗauki ƙarar, a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa kundi. Ga kuma wanda ya shiga har ɗakunanmu. An hana sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. 'Yan mata biyu da ƙungiyar ɗalibai Musulmi suka kai ƙara, suka sha kaye a Babbar Kotu a 2014, ba su karaya ba, suka yi nasara a Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Yunin 2022. Ba a fasa gilashin mota ko ɗaya ba. 'Yan'uwanmu Musulmin Yarbawa ne suka ɗauki nauyin wannan shari'a shekara da shekaru, yau 'ya'yanmu mata ke shiga aji da hijabinsu. Nawa muka zuba a ciki?

Bari in sauko inda kuka fi ni sani. An taɓa yin kame da dare a wani layi, irin na kan mai uwa da wabi: mai shayi, mai gyaran takalmi, mai tura baro, har da mai gadin da ya fito sayen katin waya. Da safe na bi wani dattijo daga fada zuwa ofishin da aka kai su. Silifas ɗinsu na zube a bayan kanta, an tuɓe musu riguna, suna leƙe ta tsakanin ƙarafa. A bango, daidai saman kan mai rubutu, an manna takarda cewa beli kyauta ne. Dattijon ko kallonta bai yi ba. Ya gaida kowa cikin ladabi, aka shiga ɗaki aka fito, aka buga waya kasuwa, aka zagaya da hula rumfa rumfa. Kafin la'asar yara sun fito ana ta sa masa albarka, ni ma na sa, domin ya bar cinikinsa ya yini a tsaye saboda 'ya'yan da ba shi ya haifa ba. Amma ba wanda ya tambayi laifin da aka rubuta musu, kuma ba a rubuta komai ba. Ba a jima ba motar ta dawo layin. Wanda ya sami kasuwa a wuri, me zai hana shi dawowa?

Alhali sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce duk wanda aka kama sai an sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya. Idan akwai kotu a cikin kilomita 40, kwana ɗaya ne a kai shi gaban alƙali, kuma ba lungun da ke Legas da ya yi wa kotu wannan nisan. Idan kamen ya saɓa doka, yana da diyya da neman gafara a bainar jama'a. Sashe na 36 ya ba shi tafinta kyauta a kotu. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, abin da ake yi wa mata da 'yan'uwan waɗanda ake nema kullum, ta kuma wajabta wa majistare ziyartar wuraren tsare mutane duk wata. Sashe na 41 ya ce ɗan Nijeriya na da ikon zama a ko'ina a ƙasar, na 42 ya hana a ware shi saboda ƙabila ko addini ko jihar da ya fito, na 43 ya ba shi ikon mallakar fili da gida a ko'ina. Ranku ya daɗe, ladabin baƙunta abu ne mai kyau, kuma girmama masu masauki wajibi ne a kanmu. Amma a gaban doka ba baƙi ba ne mu. A Agustan 2019 da aka tare mota ɗauke da matasa 123 daga Jigawa da baburansu 48, ba a sami komai a hannunsu ba, kuma abin da ya sa aka sake su da wuri shi ne an yi magana da ƙarfi, a fili, da hujjar doka.

Akwai wadda ta fi ci mini rai. A Oktoban 2020 da matasan garin nan suka fito kan zaluncin 'yan sandan SARS, da yawanmu muka ce rikicinsu ne, ina ruwanmu. Ban manta abin da aka yi wa mutanenmu da dukiyarsu a Fagba cikin waɗannan kwanaki ba, kuma ba na neman kowa ya manta. Amma da aka yi harbi a Lekki ranar 20 ga wata, har kwamitin Mai Shari'a Doris Okuwobi ya kira abin kisan kiyashi, gwamnatin jiha ta ƙi amincewa da wannan ɓangare na rahoton, ban ji muryarmu ba. Sai ga Agustan 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa ta yi zafi a Kano da Kaduna, wasu yara suka ɗaga tutar Rasha, a nan kuwa aka ɗan taru a Ojota kowa ya koma kasuwarsa, wasu na cewa rikicin 'yan Arewa ne. Ranar 1 ga Nuwamba aka kawo yaran nan kotu a Abuja bayan wata uku a tsare, ƙasusuwa a waje, wasu suka yanke jiki suka faɗi, aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Tutar Rasha ba ta fitar da ko ɗaya ba. Lauyoyi da 'yan jarida da masu magana daga kowane sashe na ƙasar ne suka yi ta ihu har shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su cikin 'yan kwanaki, kuma da yawa daga masu ihun su ne waɗanda muka juya wa baya a 2020.

Malamanmu sun fi ni sanin Hilful Fudul. Wani baƙon ɗan kasuwa daga Yaman ya kawo kaya Makka, wani babban mutum ya karɓa ya hana shi kuɗi. Baƙon ba shi da dangi a garin, sai ya ɗaga murya. Wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka yi rantsuwa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta, ɗan gari ne ko baƙo, har sai an mayar masa da haƙƙinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarta tun kafin a aiko shi, kuma bayan Musulunci ya yabi wannan ƙawance, alhali waɗanda suka ƙulla shi ba Musulmi ba ne a lokacin. Ban san wani labari da ya fi wannan kama da zamanmu a Legas ba, kuma ban cika jin sa a huɗubobinmu ba.

Roƙona ke nan. Kuɗin da ake zagayawa da hula a tara don beli, a ware wani kaso a ɗauki lauya tsayayye, ko da guda ɗaya ne tsakanin fada uku, wanda lambarsa za ta kasance a wayar kowane mai shayi. Kowace fada ta ajiye littafi: wa aka kama, yaushe, a ina, me aka ce ya yi, nawa aka karɓa. Shekara guda ta wannan littafi ta fi ziyarar ban-girma goma nauyi a teburin kwamishina. Jihar Legas na da ofishin lauyoyin da ke kare marasa ƙarfi kyauta, tarayya na da hukumar agajin shari'a da hukumar kare haƙƙin ɗan'adam. Da kuɗin harajinmu ake biyansu, mu kuwa ko ƙofarsu ba mu sani ba. Idan aka rushe gidajen masunta, kamar yadda aka yi wa Otodo-Gbame a 2017, ko aka kulle kasuwar Inyamurai, a ga rawaninku a wurin jaje tun kafin abin ya zo kanmu. Kuma haƙƙin da muke nema a waje mu fara bayar da shi a cikin gida: kada fada ta ɓoye mai laifi don namu ne, kada a bar matasa su yi wa wanda ake zargi da sata hukunci a titi, a kuma dubi 'yan yaran da ake kawowa aikatau ba makaranta.

Idan 15 ga Janairu ta zagayo aka gayyace ku dandalin Tafawa Ɓalewa ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, ku je, sun cancanta. Amma ku tafi da sunayen matan sojojin da ke unguwanninku waɗanda har yanzu suke bin haƙƙin mazajensu, ku miƙa wa wanda ya gayyace ku hannu da hannu.

Babi na huɗu na kundin, daga sashe na 33 zuwa na 46, bai fi a karanta shi a zama biyu ba. Ni da wasu malaman makaranta a shirye muke mu mayar da shi Hausa mai sauƙi, da boko da ajami, ba tare da an biya mu ko kwabo ba, a riƙa karanta sashe guda bayan sallar Juma'a ko a taron ƙungiya, lauya na zaune yana amsa tambaya. Abin da muke jira daga gare ku izini ne, da masallacin da za a fara.

Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya. Wassalam.

Ɗanku,
wani malamin makaranta mazaunin Agege